Kashi Nawa Likita Ya Rubuta? Yadda Rahoton Asibiti ke Yanke Diyyar Ma'aikacin da Ya Ji Rauni a Bakin Aiki

Ma'aikacin da inji ya cinye wa yatsa a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko birkilan da ya faɗo daga bene a wurin gini, yakan ɗauka cewa da zarar an shaida a bakin aiki tsautsayin ya same shi, abin da ya rage kawai a biya shi. Tabbatar da haɗarin rabin tafiya ne. Ɗaya rabin yana hannun likitan da zai duba shi bayan watanni, ya auna abin da ya rage na ƙarfin hannun ko ƙafar, ya rubuta adadi ɗaya: kashi kaza cikin 100. A kan wannan adadi ake lissafa kuɗin da za a riƙa ba shi, wani lokaci na tsawon shekara ashirin ko fiye. Mutum biyu da suka ji rauni iri ɗaya kan iya tashi da diyya daban-daban, kuma sau da yawa bambancin daga takardar asibiti ya samo asali.

Galibin masu neman diyya ba su san yadda ake fitar da adadin ba, ba su kuma san cewa ana iya ƙalubalantarsa ba.

## Dokar da ake aiki da ita

Tsarin biyan ma'aikaci diyya ba tare da sai ya tabbatar da laifin ubangidansa a kotu ba ya fara ne a Jamus a 1884, zamanin Bismarck, Ingila ta biyo baya a 1897. Najeriya ta gaji nata daga Turawan mulkin mallaka, aka sabunta shi a 1987. A ƙarƙashin dokar 1987 mai kamfani ne ke ɗauke da nauyin biya, kuma dunƙulallen kuɗi ake bayarwa sau ɗaya: albashin wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, na wata 42 ga iyalan wanda ya rasu. Da kuɗin sun ƙare, shi ke nan.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke tsohuwar. Sabuwar dokar ta kafa asusu guda a ƙarƙashin NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da inshorar ma'aikata, ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, ta kuma haramta a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ta faɗaɗa ma'anar ma'aikaci har ta haɗa da na wucin-gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin gida wanda ba dangin maigidan ba ne, ko da da baki aka yi yarjejeniyar aikin. Sojoji ne kawai ta ware. Haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida ma yana ciki.

Babban sauyin da ya shafi wannan sharhi shi ne an koma biyan wata-wata ga mai nakasa ta dindindin. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Wanda nakasarsa ba ta gaba ɗaya ba ce yana samun kashi 90 na abin da aka ƙiyasta zai rasa na samu saboda raunin, kuma Jadawali na Biyu na dokar, wato jerin raunuka da kason da aka sa wa kowannensu, shi ne ke jagorantar ƙiyasin. Tun daga nan kuskuren maki biyar cikin 100 a rahoton likita ya daina zama asarar rana ɗaya, ya koma giɓin da ke maimaita kansa a ƙarshen kowane wata.

## Illa a jiki daban, nakasa a sana'a daban

Akwai abubuwa biyu da Hausa kan haɗa a kalmar "nakasa", amma masana sun raba su, kuma kusan duk rigimar da ake yi a kan diyya a tsakaninsu take.

Na farko shi ne illar da ta samu jiki: gwiwar da ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, idon da ya daina gani, kunnen da ya yi nauyi. Wannan aikin likita ne, kuma ana iya auna shi da kayan awo. Na biyu shi ne abin da illar ta hana mutum yi a rayuwarsa da sana'arsa. Wannan ya dogara da irin aikinsa, da shekarunsa, da iliminsa, da ko akwai wani aikin da zai iya komawa a garin da yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan bambanci tun a 1980, ta sake tsara shi a 2001.

A ɗauki tela da akawu, kowannensu ya rasa babban yatsan hannun dama. A wurin likita illarsu ɗaya ce, makinsu ɗaya. Akawun zai iya komawa teburinsa bayan wata biyu, ya saba da kwamfuta da sauran yatsun, albashinsa bai ragu da ko kwabo ba. Telan kuwa riƙe almakashi da zura zare sun gagare shi. Jadawali ba ya ganin wannan. Shi ya sa dokar 2010 ta bar wa hukuma wata ƙofa: idan ta ga lissafin jadawali bai yi adalci ba, tana iya duba ainihin tazarar da ke tsakanin abin da mutum yake samu kafin rauni da abin da yake samu, ko zai iya samu, a aikin da ya dace da shi bayan raunin. Ƙofa ce mai muhimmanci, sai dai ba ta buɗuwa idan rahoton likita bai faɗi komai ba game da ayyukan da mutumin ya daina iyawa. Rahoton da ya tsaya a "an yanke babban yatsa" ya bar telan a layi ɗaya da akawun.

Dokar ta kasa nakasa gida huɗu, gwargwadon ko ta wani lokaci ce ko ta dindindin, da kuma ko gaba ɗaya ce ko wani sashe. Ta kuma tanadi dunƙulallen kuɗi ga wanda rauni ya ɓata wa kamanni ƙwarai, kamar mummunar ƙuna a fuska. Likita ne ke bayar da hujjar da za a sa mutum a ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, ko da yake a takarda hukuma ce ke yanke hukunci.

## Sai ciwo ya tsaya kafin a auna

Ba a ba da makin dindindin sai ciwo ya kai inda ba a sa ran ƙarin magani zai canza shi sosai. Wannan ba ya nufin mutum ya warke. Yana nufin abin da zai dawo ya dawo, abin da ya tafi ya tafi.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, kuma fiƙihu ya sa wa gaɓoɓi ƙima sananniya: raƙuma goma ga kowane yatsa, biyar ga haƙori, rabin diyya ga hannu ɗaya. Raunin da ba a ƙayyade masa ƙima ba sai masana su ƙiyasta. Bambancin shi ne waccan diyya tana neman wanda ya jawo raunin, ta ma'aikata kuwa asusu ne ke biya ko da babu mai laifi. Amma matsalolin biyu da ke damun likitan yau, wato yaushe za a auna da kuma yadda za a yi da abin da babu shi a jadawali, tsofaffi ne.

Lokacin awo yana iya cutar da ma'aikaci ta fuska biyu. Idan aka yi gaggawa, akwai illolin da ba su riga sun bayyana ba: karayar da ta shiga cikin gaɓa kan haifar da ciwon sanyin ƙashi bayan shekaru, jijiyar da aka ɗinke kan ɗauki watanni da yawa kafin a san ko za ta farfaɗo. Idan kuma aka ja lokaci, mutum na zaune a gida babu tabbas, bashi na taruwa, har ya kai ga karɓar duk abin da aka miƙo masa. Masu biya ma suna da nasu ƙorafin: awon da aka yi kafin a gama gashin ƙashi yakan nuna gaɓa a sandare fiye da yadda za ta kasance daga baya, sai a biya maki mai yawa a kan illar da za ta ragu.

Shi awon kansa ya ƙunshi abubuwa da dama. Likita zai karanta tarihin jinyar tun daga ranar farko, ya duba hoton ƙashi ko na MRI, ya auna iyakar lanƙwasuwar gaɓa da ma'aunin kusurwa, ya gwada ƙarfin damƙa, ya taɓa fata ya ga inda ji ya ɗauke. Na kunne akan sa shi a ɗakin gwajin ji, na huhu ya hura na'ura. Wasu daga cikin gwaje-gwajen nan sun dogara da haɗin kan mai jinya, kuma a nan zargi ke shigowa. Mai tsoron zafi kan ƙi miƙa hannu sosai, a ce yana ƙarin gishiri. Mai dauriya kuma, irin mazan da ke jin kunyar cewa "wayyo" a gaban baƙo, kan cije ya yi abin da ba zai iya yi sau goma a jere a wurin aiki ba, a rubuta masa maki kaɗan. Gwajin minti ashirin ba ya nuna yadda bayan lebura zai kasance bayan awa takwas yana ɗaukar buhu.

## Yatsa ɗaya, farashi daban-daban

Mai ganin adadin a takarda mai hatimin asibiti zai ɗauka hukuncin kimiyya ne tsantsa. Kwatanta ƙasashe yana nuna cewa akwai yarjejeniyar mutane a cikinsa.

A Birtaniya jadawalin gwamnati ya sa rasa babban yatsa a kashi 30, rasa hannu daga wuyansa kashi 60, rasa ganin ido ɗaya kashi 30. Yatsan nuni kashi 14 ne, na tsakiya 12. Wannan tazara ta maki biyu tana da nauyi, domin a yawancin raunuka sai mutum ya kai kashi 14 ake fara biyansa. Wanda ya rasa yatsan nuni ya shiga, maƙwabcinsa da ya rasa na tsakiya kaɗai bai shiga ba.

A Amurka jihohi da yawa suna amfani da kundin awon illa na Ƙungiyar Likitocin Amurka, wanda aka fara bugawa a 1971. Lissafinsa hawa-hawa ne: babban yatsa kashi 40 ne na tafin hannu, tafin hannu kashi 90 ne na dukan hannu har kafaɗa, dukan hannun kuma kashi 60 ne na mutum sukutum. Idan aka bi wannan tsani, babban yatsa ya tashi kimanin kashi 22. Yatsan da Birtaniya ta ce 30 ke nan.

Faransa ta umarci likitan asusu ya duba shekarun mutum da yanayin lafiyarsa da ƙwarewarsa a sana'a tare da raunin, sannan ta sa wata dabara wajen biya: sashen makin da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 kuma a ƙara masa rabinsa. Mai kashi 30 ana biyansa kamar mai 15, mai kashi 70 kamar mai 55. Manufar ita ce a karkata kuɗi ga masu mummunan rauni. 

Masu goyon bayan jadawali suna cewa yana rage son kai da jayayya, yana sa a biya da wuri, kuma asusu zai iya hasashen abin da zai kashe. Masu suka suna cewa daidaiton nasa na ido ne, tun da yana auna jiki alhali abin da aka yi alkawarin maye wa ma'aikaci shi ne abincinsa. Kowane ɓangare yana da hujja. Ƙasar da ta jingina da jadawali kaɗai tana sayen sauri da kuɗin masu aikin hannu. Wadda ta ce sai an binciki asarar kowa ɗaya bayan ɗaya kuma tana buƙatar ma'aikata da bayanan albashi da lokaci, abubuwan da ba kowane asusu ke da su ba.

## Abin da maki goma ke nufi a aljihu

A ƙaddara ma'aikaci ɗan shekara 35 mai albashin naira 100,000 a wata. Idan aka ƙiyasta asararsa a kashi 30, abin da ya rasa naira 30,000 ne, kashi 90 na wannan kuma naira 27,000. Idan wani likitan ya ce kashi 20 ne, abin da zai karɓa ya koma naira 18,000. Tazarar naira 9,000 ce a wata, 108,000 a shekara. Dokar ta ɗaure biyan da shekara 55 ko lokacin ritayar mutum, don haka a shekara 20 tazarar ta haura naira miliyan 2. Misali ne kawai don a ga girman abin, amma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, naira 9,000 a wata kuɗin makarantar yaro ne ko wani kaso na cefane.

A wasu wuraren alaƙar ta fi haka fitowa fili. A jihar Texas ta Amurka kowane maki ɗaya yana daidai da biyan mako uku, kuma sai wanda ya kai kashi 15 ne ke da damar neman ƙarin tallafi bayan waɗannan makonni sun ƙare. Likitan da ke jujjuya alƙalami tsakanin 14 da 15 ya san abin da ke rataye a kan zaɓinsa.

## Likitan wa za a saurara?

Likitan da ya yi jinyar mutum ya fi kowa sanin ciwon, ya ga ranar da aka kawo shi jina-jina, ya bi shi wata da watanni. Amma masu biya suna cewa shaƙuwa kan sa ya tausaya, kuma ba kowane likitan jinya ne ya koyi aikin ba da maki ba, wanda fanni ne mai zaman kansa. Likitan da asusu ko kamfanin inshora ya turo ya san ƙa'idojin awo, sai dai sau ɗaya yake ganin mutum, kuma ƙungiyoyin ƙwadago kan ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba lallai ne a sami ƙarya a ko wane ɓangare ba. Kundin awo da kansa yakan bar tazara, ya ce daga kaza zuwa kaza, kuma likitoci biyu masu gaskiya kan iya tsayawa a gefe daban-daban na tazarar.

Amurka ce ta fi nisa a wannan jayayya, kuma abin da ya faru a can darasi ne. Bugu na shida na kundin likitocin, wanda ya fara aiki a 2008, ya rage dogaro da awon lanƙwasuwar gaɓa, ya koma gina maki a kan sunan cutar da aka gano. Masu shirya shi sun ce hakan zai sa likitoci daban-daban su riƙa fitar da sakamako kusan iri ɗaya. Lauyoyin ma'aikata suka ce makin raunuka da dama ya faɗi, musamman na waɗanda aka yi wa tiyatar baya. Jihohi suka rabu: Kalifoniya ta tsaya a bugu na biyar, Texas a na huɗu, gwamnatin tarayya ta koma na shida ga ma'aikatanta. A Pennsylvania doka ta ce a yi amfani da bugu mafi sabunta, sai Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan tanadi a 2017, a shari'ar Protz, bisa hujjar cewa majalisa ta miƙa ikonta na yin doka ga ƙungiya mai zaman kanta. A 2018 majalisar ta sake rubuta dokar, ta ambaci bugu na shida da sunansa, ta kuma sauko da ma'aunin da ake ci gaba da ɗaukar mutum a matsayin mai cikakkiyar nakasa daga kashi 50 zuwa 35. Wanda ya gaza wannan ma'auni biyansa ba ya wuce mako 500.

Jikin ma'aikatan bai canza ba a duk waɗannan shekaru. Littafin da ake auna su da shi ne ya canza, diyyarsu ta bi shi.

A Najeriya asusun da ke biya shi ne ke tantance likitocin da yake karɓar rahotonsu, shi ne kuma ke sauraron ƙorafin farko. Masu kare tsarin suna cewa NSITF ba kamfanin neman riba ba ce, don haka ba ta da dalilin danne maki kamar mai inshora. Masu shakka suna cewa duk asusun da kuɗin shigarsa ya dogara da yawan kamfanonin da suka yarda suka biya yana da dalilin tsuke hannu. Abin da ke rage wannan shakka a ko'ina shi ne a nuna wa ma'aikaci yadda aka kai ga makinsa, kuma a ba shi damar kawo ra'ayin likita na biyu.

## Tsohon ciwo da ciwon da ba a gani

Yanke yatsa ba ya jawo musu sosai, kowa na gani. Rigima tana tasowa ne a ciwon baya, da na huhu, da na kunne, da na ƙwaƙwalwa.

Direban tirela ɗan shekara 50 da bayansa ya riƙe bayan haɗari, idan aka ɗauki hotonsa kusan tabbas za a ga alamun zaizayar ƙashin baya, domin yawancin masu shekarunsa suna da ita ko da ba sa jin ciwo. Tambayar da ake jefa wa likita ita ce: nawa ne na haɗarin, nawa ne na shekaru? Inda rauni ya hau kan nakasar da ke akwai tun da farko, ƙa'ida ita ce a biya kason da sabon raunin ya jawo kawai. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace babu na'urar da ke raba ciwo gida biyu, ƙiyasi ne. Hujja mafi ƙarfi da ma'aikaci ke da ita a nan ita ce shaidar cewa kafin ranar haɗarin yana aikinsa cikakke ba fashi. Gwajin lafiya na lokacin ɗaukar aiki, wanda ma'aikata da yawa ke kallo a matsayin tarko, yakan zama garkuwarsu daga baya, don shi ke nuna yadda kunne ko huhu yake kafin a shiga masana'anta.

Cututtukan sana'a suna da wata wahalar ta daban, wato jinkiri. Ƙurar dutse da ke cin huhun masu fasa duwatsu da mahaƙa kan yi shekara goma ko fiye kafin ta bayyana, kuma a hoton ƙirji tana iya kama da tarin fuka, sau da yawa ma tare suke zuwa. Likitan da bai tambayi mutum aikin da ya yi a baya ba zai ba shi maganin tari ya sallame shi, maganar diyya ba za ta taso ba sam. A Afirka ta Kudu kamfanonin haƙar zinare sun amince a 2018 su biya rand biliyan 5 ga tsofaffin mahaƙan da wannan cuta da tarin fuka suka kama, amma kowane mutum sai an duba shi an tantance matakin cutarsa kafin a san abin da zai samu, kuma da yawansu sun riga sun koma ƙauyuka a Lesotho da Mozambik, nesa da wurin gwaji.

Dokar 2010 ta amince da nauyin kunne da ƙarar inji ta jawo, ta kuma amince da taɓuwar hankali ko matsananciyar damuwa da aiki ya haddasa, kamar wadda ke biyo bayan mummunan abin firgici a bakin aiki. Wannan ci gaba ne a kan tsohuwar doka. Sai dai tabbatar da shi yana buƙatar ƙwararren likita, kuma likitocin ƙwaƙwalwa da na lafiyar ma'aikata kaɗan ne a ƙasar, mafi yawansu a manyan birane.

## Mai ɗori, katin asibiti da wa'adi

Likitan da ke ba da maki bai ga haɗarin ba, takardu yake karantawa. Abin da aka rubuta a ranar farko shi ne ginshiƙin komai. Idan ma'aikaci ya faɗo ya karye a ƙafa ya kuma bugu a kafaɗa, amma zafin ƙafar ya sa bai ambaci kafaɗar ba, bayan wata shida da ta fara damunsa za a ce ba ta cikin haɗarin. Haka nan idan katin bai nuna cewa a wurin aiki abin ya faru ba.

A Arewa mutane da yawa wurin mai ɗori suke fara zuwa, saboda sauƙin kuɗi da kusanci da kuma tsoron kada asibiti ta yanke gaɓa. Ko me mutum yake gani game da ɗorin gargajiya, ta fuskar diyya yana barin giɓi: babu hoton ƙashi na ranar farko, babu rubutu. Idan ƙashin ya haɗe a karkace aka zo Asibitin Ƙashi na Dala bayan wata uku, likita zai sha wahalar raba illar haɗarin da illar jinkiri, kuma mai biya zai sami abin kamawa. Ɗaukar hoto da buɗe kati a ranar, ko da daga baya mutum zai bi wata hanyar, yana toshe wannan giɓi.

Akwai kuma wa'adi. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14. Shi kuma mai kamfani zai kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya, sai dai idan akwai uzuri na musamman, wanda kan iya kai wa'adin shekara uku. Al'adar nan ta maigida ya biya kuɗin asibiti, ya ɗan ba da wani abu a ce a bar wa Allah, tana cinye waɗannan kwanaki ba tare da an ankara ba, alhali dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da inganci. Tana kuma hana hukuma sanin cewa an yi haɗarin, musamman inda kamfanin bai yi wa ma'aikatansa rajista ba tun farko. Ga leburan kasuwa da yaran gareji da masu aikin ƙwari a ramukan zinare, dokar ta haɗa da su a rubuce, amma mafi yawansu babu mai zuba musu ko sisi a asusun, babu kuma takardar albashin da za a ɗora lissafin kashi 90 a kanta.

Wanda bai gamsu da makin da aka ba shi ba yana da kwana 180 ya rubuta wa hukumar ta sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano da wasu manyan birane. A irin wannan ƙara, cewa "an zalunce ni" ba ta isa hujja. Abin da ke motsa alƙali shi ne wani rahoton likita da ya nuna takamaiman inda na farko ya gaza: gaɓar da ba a auna ba, hoton da ba a duba ba, awon da aka yi kafin ciwo ya tsaya, ko aikin da mutumin ke yi da ba a tambaye shi a kai ba. Don haka ma'aikacin da za shi gaban likitan tantancewa zai amfana idan ya tafi da dukan katunansa da hotunansa, ya bayyana aikinsa dalla-dalla, nauyin da yake ɗagawa, awa nawa yake tsaye, da wane hannu yake riƙe kayan aiki, sannan ya nemi a ba shi kwafin rahoton kafin kwana 180 ɗin su fara tafiya.